Matashin Mai Bincike a Fagen Kiwon Lafiyar Duniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Karatu, Jagora da Fasaha

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban ajin ƙarshe a jami'a, da masu yi wa ƙasa hidima, da ƙananan ma'aikatan lafiya da ke son shiga binciken cututtukan da ke addabar jama'a. Wasu a bainar jama'a ake yin su. Wasu kuwa, musamman waɗanda suka shafi zama da jagora ko son zane da waƙa, sai an watse mutum yake tsayawa ya yi su da murya ƙasa-ƙasa.

Malam, mene ne ainihin aikin kiwon lafiyar duniya, kuma ina bambancinsa da aikin likita?

Likita mutum ɗaya yake dubawa, wanda ke zaune a gabansa. Mai wannan aiki gari guda yake dubawa: me ya sa yara suke mutuwa a wannan unguwa fiye da waccan, ta ina cutar ta shigo, wane mataki zai tsare mutum dubu da ɗan kuɗin da ke hannu. Ana danganta shi da duniya ne saboda cuta ba ta san iyakar ƙasa ba, maganinta ma sau da yawa sai ƙasashe sun haɗa hannu.

Sanƙarau ya isa misali. Yana bin yankin da ya taso daga Senegal har Habasha a lokacin zafi da ƙura, Sakkwato da Maraɗi da Damagaram duk suna ciki. Allurar rigakafin MenAfriVac a Indiya aka yi ta, a kan farashin da bai kai rabin dala ba. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011, kuma nau'in sanƙarau na A da ke kashe dubbai ya kusa ɓacewa daga yankin. Masu ɗakin gwaje-gwaje, da masu ƙididdiga, da masu lissafin kuɗi, da masu ajiyar allura cikin sanyi, da masu shela a ƙauye, duk da su aka yi wannan aiki.

Dole sai na karanta likitanci kafin in shiga?

A'a. A 2010 yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, babu sauƙi. Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitoci sun ba da maganin fitar da gubar daga jiki, amma da an tsaya a nan, da yaro ya koma gida ya sake haɗiyar ƙurar. Sai da injiniyoyin muhalli suka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, masu gwaji suka yi ta auna jini da ƙasa, masu iya zama da mutane suka shawo kan masu haƙar zinare su fitar da niƙa daga cikin gari. Mutanen ƙauyukan sun ga agwaginsu na ƙarewa tun kafin mutuwar yaran ta tsananta. Da labarin ya kai kunnen likitan dabbobi, wataƙila da an farga da wuri.

Marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello ba likita ba ne, masanin sinadaran jikin halittu ne, kuma binciken ƙwayar cutar sammore da ciwon barci ne ya kai sunansa duniya. Wanda ya karanta lissafi, ko kwamfuta, ko nazarin halayyar jama'a, ko aikin jinya, ko harhaɗa magunguna, duk yana da gurbi.

Na gama digirin farko, ina yi wa ƙasa hidima. Daga ina zan fara?

Daga inda ƙafarka take. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, yawancinsu kuma aiki ya yi musu yawa. Ka je ka gaishe shi, ka nemi ya bari ka taimaka da shigar da bayanai ko bin sawun masu ƙyanda da amai da gudawa. Idan damina ta zo, akwai rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Ana ɗaukar masu rabo da masu tattara bayanai. Wata huɗu a wannan aiki zai nuna maka abin da aji ba ya nunawa: uwar da ta karɓi magani ta ajiye ba ta ba yaro ba, da dalilinta, da rajistar da aka cike a ƙarƙashin bishiya ba tare da an shiga gidan ba.

Daga nan ka zaɓi tambaya ɗaya ƙarama wadda za ka iya amsawa da abin da ke hannunka. Alal misali, cikin yaran da aka yi wa allurar farko a asibitin sha-ka-tafi na garinku, nawa ne aka dawo da su ta uku, kuma su wane ne ba a dawo da su ba? Wannan tambaya ita ce za ka riƙe idan ka tashi neman jagora, kamar yadda amsar da ke kan tunkarar jagora ta yi bayani.

Ma'aikatan gwamnati kuma su nemi shirin horar da masu bin diddigin annoba na Najeriya, NFELTP, wanda aka kafa a 2008. Na shekara biyu ne, yana ɗaukar likitoci da likitocin dabbobi da masu ɗakin gwaje-gwaje, kuma akasarinsa a fagen aiki ake yi. Waɗanda suka fito daga cikinsa na cikin masu bin sawun mutane lokacin Ebola a Legas a 2014.

Wace ƙwarewa ce aka fi nema?

Ƙididdiga, rubutu, da harshe. A ƙididdiga ka fara da Excel har ka iya tsabtace bayanai masu datti, sannan ka koyi manhajar R, wadda kyauta ce. Ka iya tsara takardar tambayoyi a waya da KoboToolbox ko ODK, ka kuma san DHIS2, domin a kansa ma'aikatun lafiya suke tara rahoto. Rubutu kuwa da karatu ake samunsa: maƙala ɗaya a mako, ka karanta ta da biro a hannu, ka rubuta a layi biyar abin da aka tambaya, da yadda aka yi, da inda ba ka gamsu ba.

Ɗan Najeriya ya koyi Faransanci, ɗan Nijar ya koyi Turanci, domin annobar da ta tashi a Katsina da wuya ta bar Maraɗi. Hausar da ka tashi da ita kuma ka sa ta a takardar tarihin aikinka a sarari. Bincike da yawa a yankinmu yana lalacewa ne a wurin hira, inda aka yi wa tsohuwa tambaya ta hanyar tafinta, ta amsa abin da take jin ana son ji.

Sai na fita waje sannan zan zama wani abu a wannan fage?

Ba sharaɗi ba ne. Wasu daga cikin manyan binciken shekarun nan a asibitocinmu aka yi su. Gwajin E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000. Abin da aka gwada ba shi da tsada: wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga yawan jinin da ya zuba, sannan a yi matakan ceto gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna mummunan zubar jini da abin da yake jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, kuma cibiyar ACEPHAP da ke jami'ar tana horar da masu digiri na biyu da na digirgir. A Nijar akwai cibiyar CERMES a Yamai da ta Epicentre a Maraɗi, inda aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, aka fitar da sakamako a 2017. Akwai cibiyar ACEGID a Ede ta jihar Osun, wadda ta fara karanta tsarin ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020, da WACCBIP a Jami'ar Ghana, da cibiyar MRC a Gambiya, da cibiyar bincike ta Kilifi a Kenya.

Duk da haka, fita tana da amfani, kuma ba zan hana kowa ba. Shekara guda a Landan ko Liverpool ko Antwerp tana buɗe ido kan tsari, tana kuma haɗa mutum da abokan aiki na tsawon rai. Abin da na fi so ga mai digirgir shi ne irin tsarin da zai yi rajista ko horo a waje, ya tattara bayanansa a gida. Wanda ya tafi da tambayar garinsu ya fi sanin abin da ya je ɗebowa.

Ina ake samun tallafin karatu, kuma me ya sa ake yawan ƙin mu?

Na Birtaniya akwai Chevening, wanda ke neman aƙalla shekara biyu ta aiki da alƙawarin komawa gida, da Commonwealth, wanda har na karatu daga nesa yake bayarwa. Akwai DAAD na Jamus, da Fulbright na Amurka, da gidauniyar Mastercard, da shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya. Malaman jami'a da kwalejojin gwamnati a Najeriya suna da TETFund. Sharuɗɗa na canjawa shekara-shekara, don haka a karanta su daga shafin masu bayarwa, kada a dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi, ka rabu da shi.

Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne wasiƙar bayanin kai. Mutum ɗari za su rubuta cewa tun suna yara suke son taimakon al'umma. Mai tantancewa yana neman wanda zai ce: na yi aiki a wuri kaza, na ga abu kaza, na gwada kaza bai yi ba, wannan kwas ne zai ba ni abin da na rasa. Na biyu shi ne wasiƙar shaida daga babban mutumin da bai san ka ba. Ƙaramin malamin da ya ga aikinka da idonsa ya fi shugaban jami'ar da zai sa hannu a kan layi uku. A ƙi mutum sau biyu ko uku kafin ya samu ba baƙon abu ba ne.

Me ya sa kowa ke cewa sai da jagora? Ba sufabaiza ya isa ba?

Sufabaiza jami'a ce ta ba ka shi, kuma aikinsa yana ƙarewa ranar da aka sa hannu a kundinka. Jagora kai ka nemo shi, kuma inda za ka kasance nan da shekara goma ne damuwarsa. Wani lokaci mutum ɗaya kan zama duka biyun, wannan babbar sa'a ce. Jagora shi ne zai gaya maka mujallar da za ka guje wa, ya ce wannan aikin albashinsa mai kauri ne amma ba za ka koyi komai ba, ya ambaci sunanka a ɗakin da ba ka ciki.

A Kano an ga abin da jagoranci ke haifarwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ciwon sikila, kuma shanyewar ɓarin jiki na cikin mafi munin abin da yake yi wa yara. Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka ya yi shekaru yana aiki da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala kan auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara da na'ura, da ba waɗanda ke cikin haɗari maganin hydroxyurea maimakon ƙarin jini a kai a kai, wanda ba kowane iyali ke iyawa ba. Bayan sakamakon binciken, abin da ya rage a Kano shi ne likitoci da ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoton jiki da suka ƙware, da asibitocin da suka ci gaba da gwajin. Irin wannan ake dubawa idan za a zaɓi jagora: ina waɗanda suka bi ta hannunsa suke yanzu?

Yaya zan tunkari babban farfesa ba tare da na zama mai naci ba?

Kada ka fara da "ina roƙon ka zama jagorana". Nauyi ne babba a ɗora wa wanda bai san ka ba. Ka karanta maƙalunsa biyu, ka rubuta gajeren imel: gaisuwa ta ladabi, ko kai wane ne a layi biyu, abin da ka karanta nasa, tambaya ɗaya takamaimai, da roƙon minti ashirin. Idan mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya. Idan ya ba ka shawara, ka aikata, ka dawo da labarin abin da ya faru. Wannan dawowar ce take sa babba ya riƙe sunan yaro.

Kuma kada ka raina wanda ya girme ka da shekara uku ko biyar a aiki. Shi ne ya san fom ɗin bana, yana kuma da lokacin karanta rubutunka layi-layi. Mutum kan buƙaci jagora fiye da ɗaya: na ilimi, na hanyar aiki, da wanda za a gaya wa damuwar gida.

Ina iyakar biyayya? Idan jagora ya sa sunansa a aikina, ko ya ture nawa fa?

Tarbiyyarmu ta girmama malami abu ne mai kyau, ba na son kowa ya yar da ita. Amma girmamawa ba ta hana a yi maganar suna tun kafin a fara aiki. Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya a fili take: mai suna a maƙala shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun, ya amince da shi, ya kuma ɗauki alhakinsa. Shugabancin sashe kaɗai ba ya cikin sharuɗɗan. Da ladabi za ka ce, "Ranka ya daɗe, ina so in san jerin sunayen da za a sa don in san nauyin da ke kaina," sannan ka aika abin da aka yanke ta imel don ya zama a rubuce.

Akwai abubuwan da ba a haƙuri da su: a ce ka gyara alƙaluma su dace da abin da ake so, ko a nemi kuɗi, ko a nemi mace da abin da bai dace ba. A nan sai a ajiye shaida, a gaya wa wani babba amintacce, a bi hanyar ƙorafi ta makaranta. Idan kuwa jituwa ce kawai babu, a yi godiya a janye a hankali. Fagen ƙarami ne, za ku sake haɗuwa.

Ni mace ce, ga aure ga goyo. Wannan aikin zai yiwu gare ni?

Zai yiwu, 'yar'uwa, kuma fagen yana matuƙar buƙatarki. Akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure, alhali a cikinsu ake haihuwa, ake shayarwa, ake yanke shawarar kai yaro asibiti ko a jira gobe. Yaƙi da shan inna a Arewa bai yi nisa ba sai da dubban mata suka riƙa shiga gida-gida. Abin da ya rage shi ne matan su wuce tattara bayanai, su zama masu tsara binciken da rubuta shi.

Wahalar gaskiya ce, ba zan rage ta ba. Ki yi maganar tafiye-tafiye da maigida da iyaye tun kafin ki cike fom, da watanni da ranaku a bayyane. Ki duba karatu daga nesa da aka ambata a amsar tallafi. Ƙungiyar OWSD tana ba matan ƙasashe masu tasowa tallafin bincike, kuma masu ba da tallafi da dama suna cire lokacin haihuwa idan suna lissafin shekarun aiki, don haka ki rubuta shi a takardarki, kada ki ɓoye. Ki nemi aƙalla jagora mace ɗaya da ta bi wannan hanya.

Ina zane, ina rubuta waƙa. A gida da makaranta ana ce mini ɓata lokaci ne. In daina?

Kada ka daina. Santiago Ramón y Cajal ɗan Sifaniya mai zane ya so zama, mahaifinsa ya hana shi, har ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma kafin ya karanta likitanci. Da ya zauna gaban madubin ƙara girman ƙwayoyin halitta, hannun zanen nan ne ya fito da siffar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya-ɗaya, ya nuna kowace a ware take. Ya sami kyautar Nobel a 1906, kuma har yau ana koyarwa da zanensa. A zamaninmu, Dakta Sikhulile Moyo, ɗan Zimbabwe da ke aiki a Botswana, wanda ɗakin gwajinsa na cikin na farko da suka gano nau'in korona na Omicron a Nuwamba 2021, mawaƙin coci ne.

Mai zane ya saba kallon abu har ya ga abin da ke wurin, ba abin da yake tsammani ba. Mai waƙa ya saba auna kalma, ya san inda mai sauraro zai gaji. Bincike yana buƙatar duka biyun. Bayan haka, aikin nan yana da nauyi a zuciya. Wanda ya yini yana ƙirga yaran da tamowa ta kama yana buƙatar inda zai sauke abin da ya gani. Sharaɗi ɗaya ne: ka ware wa fasahar lokacinta, ka yi ta da kyau, kada ta zama maɓoya duk ranar da ƙididdiga ta yi wuya.

To ta yaya fasahar za ta shiga cikin aikin kansa?

Ta daɗe da shiga. A yaƙi da shan inna an yi amfani da majigi a ƙauyukan Kano, ana nuna wa jama'a halin yaran da cutar ta nakasa, sannan a zauna tattaunawa. Wasan kwaikwayon rediyo yana kai maganar awon ciki da tazarar haihuwa inda ma'aikacin lafiya ba ya iya buɗe baki. Mai zane yana iya mayar da takardar neman izini mai shafi shida ta zama hotunan da wanda bai yi boko ba zai gane abin da ake nema a wurinsa. Akwai kuma hanyar bincike da Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara da matan karkara a lardin Yunnan na Sin a shekarun 1990: a ba mutane kyamara su ɗauki abin da ke damun lafiyarsu, su yi bayaninsa da bakinsu.

A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoton da ya tattara sakamakon bincike sama da 3,000 kan fasaha da lafiya. Akasarinsu daga ƙasashe masu arziki suke. Mu da muke da maroƙa da masu shela da marubutan littattafai da masana'antar fim, ga fage nan a buɗe. Sai dai a auna. Waƙa mai daɗi tana iya cika gari ba tare da an ƙara kai yaro ko ɗaya rigakafi ba, kuma saƙon da bai inganta ba yana yaɗuwa da irin saurin ingantacce. A gwada saƙon a kan mutum goma kafin a sake shi, a ƙirga kafin da bayan.

Zan iya amfani da hotuna da labaran marasa lafiya a zanena ko rubutuna?

Sai da izini na gaskiya, wanda mutum ya san inda hoton zai je, ya kuma san ƙin yarda ba zai hana shi magani ba. Izinin bincike daban, na nunawa a bainar jama'a daban. A cututtuka irin su yoyon fitsari, ko cutar noma mai cin fuskar yara da ake yi wa aiki a asibitinta na Sakkwato, hoto ɗaya na iya bin mutum har ƙarshen ransa. Ka tambayi kanka ko za ka yarda a nuna ƙanwarka a haka. A ƙagaggen labari ka sauya duk abin da zai sa a gane mutum. Idan aikin fasahar ɓangaren bincike ne, ya bi ta kwamitin ɗa'a kamar sauran.

Me ya sa manya ke yawan tuna mana da abin da ya faru a Kano a 1996 da 2003?

Saboda duk wanda zai yi bincike a yankin nan zai tarar da su a gabansa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum dubu goma a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano. Yara 11 suka rasu a ɓangarori biyun gwajin, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an gurɓata shi, ba a dawo ba sai Yulin 2004, bayan an samo shi daga Indonesiya. Cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan ashirin. An yi shekaru ana aiki da sarakuna da malamai da waɗanda cutar ta nakasa kafin a kai 25 ga Agusta 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Idan uba ya tsare ka a zaure yana tambayar me za a yi da jinin ɗansa, yana da dalili, kuma haƙƙinsa ne ka zauna ka amsa masa dalla-dalla.

Abokan haɗin gwiwa daga waje sukan kwashi bayanai su buga da sunansu. Yaya zan kare kaina?

Da takarda, tun kafin a ɗauki samfur na farko. A rubuta wa ke da bayanan, a ina za a ajiye su, wa zai yi nazari, wace maƙala ce ɗan gida zai zo farko a cikinta, kuma nawa aka ware wa horo da kayan aikin da za su zauna bayan an tashi. Samfurin jini ba ya fita ƙasa sai da yarjejeniya da amincewar kwamitin ɗa'a. Babbar kariya ita ce ka iya nazarin da kanka, kamar yadda aka faɗa a amsar ƙwarewa, domin wanda ya tsaya a tattarawa kaɗai shi aka fi mantawa. Ƙa'idar suna da aka kawo a amsar biyayya ga jagora tana aiki a nan ma. Abokan kirki suna da yawa, kuma ba sa jin haushin waɗannan tambayoyi.

Tallafin ƙasashen waje ya ragu. Akwai sauran makoma a wannan aiki?

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, daga baya aka rufe hukumar USAID. Mutane da yawa sun rasa aiki a ƙungiyoyi, kuma wanda zai shigo yanzu ya sani ayyukan kwangila masu albashin dala sun yi ƙaranci. Cututtukan dai suna nan. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na zazzaɓin cizon sauro a duniya, mashaƙo ya dawo Kano da ƙarfi a 2023, hawan jini da ciwon suga na ƙaruwa.

Nauyin yana komawa kan gwamnatocinmu, waɗanda suka yi alƙawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, mafi yawansu ba su cika ba. Za a ƙara buƙatar masu iya nuna wa kwamishina da alƙaluma inda naira ɗaya za ta fi ceton rai. Don haka a duba ma'aikatun jiha, da hukumomin lafiya a matakin farko, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya (NCDC), da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Afirka da aka buɗe a Adis Ababa a 2017, da jami'o'i. A kuma gina ƙwarewar da ba ta rataya a kan cuta ɗaya ko mai ba da kuɗi ɗaya ba.

Yaushe ni ma zan fara jagorantar wasu?

Da zarar akwai wanda kake gaba da shi da taki ɗaya. Mai digiri na biyu yana da abin da zai ba ɗan ajin ƙarshe. Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, wato malamai mata, su kuma suka riƙa ɗaukar karatu a cikin waƙoƙi suna kai wa matan ƙauyuka, waɗanda aka sani da 'Yan Taru. Ita ta koyar da kaɗan, kaɗan ɗin suka koyar da masu yawa, waƙa kuma ta sa karatun ya zauna a ka.

Ka ɗauki mutum biyu ko uku, kada ka wuce abin da za ka iya. Ku sa rana ɗaya a wata, ko da ta waya ce. Ka karanta rubutunsu ka mayar cikin mako guda, ka nuna musu wasiƙun da aka ƙi ka da su tare da waɗanda aka karɓa. Ka duba kada duk su zama 'yan garinku ko maza zalla. Idan tambayarsu ta fi ƙarfinka, ka rubuta imel ka gabatar da su ga naka jagoran, da sunansu da abin da suke aiki a kai.